Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Dutsen Idinen da Tsibiran Tafkin Chadi, 1850-1852

Gabatarwa

A watan Maris na shekarar 1850 wani ayari ya tashi daga Tarabulus da izinin gwamnatin Ingila, ƙarƙashin James Richardson, tare da Jamusawa biyu, Heinrich Barth, wanda ƙasar Hausa ta sani da Abdulkarim, da Adolf Overweg. Cikin kayan da raƙumansu suka ɗauka har da jirgin ruwa da aka ƙera a tsibirin Malta, aka rarraba shi gunduwa-gunduwa domin a ratsa Sahara da shi zuwa Tafkin Chadi. Wannan maƙala za ta dubi al'amura biyu na wannan tafiya, ɗaya a kan dutse, ɗaya a kan ruwa.

Hawan Idinen

Kusa da garin Gat akwai wani dutse mai suna Idinen, wanda Buzayen yankin suka ɗauka mazaunin aljannu ne, don haka suka ƙi yi wa kowa jagora zuwa kansa. A watan Yuli na 1850 Barth ya ƙi jin gargaɗinsu, ya hau shi kaɗai. Ruwansa ya ƙare, hanya ta ɓace masa, ƙishirwa ta kai shi ga tsaga jijiyar hannunsa yana tsotson jininsa. Kashegari wani Buzu ya bi sawunsa, ya same shi rai a hannun Allah, ya shayar da shi. Ba don wannan mutum ba, da ba a rubuta littattafan da Barth ya bari game da Katsina da Kano da Sakkwato ba.

Tsibiran Buduma

Richardson ya rasu a Ngurutuwa a watan Maris na 1851, bai kai Kukawa ba. Da yardar Shehu Umar na Barno, Overweg ya harhaɗa jirgin, ya saka shi a ruwa a Maduwari a tsakiyar shekarar. Tsibiran tafkin kuwa na Buduma ne, masu kiran kansu Yedina, masunta kuma makiyayan shanun Kuri, waɗanda mutanen gaɓa ke tsoro saboda hare-harensu. Overweg bai shiga da ƙarfi ba. Ya nemi amincinsu, suka karɓe shi baƙo, ya yi makonni yana zagaya tsibiransu, ya komo lafiya. Zazzaɓi ya yi ajalinsa a Maduwari a watan Satumba na 1852.

Kafin rasuwarsa ya 'yanta wani yaro Bahaushe, Dorugu, wanda ya bi Barth zuwa Tambutu da Ingila, kuma daga bakinsa Schön ya rubuta labarin da ya shiga Magana Hausa a 1885. Eduard Vogel, da aka aiko domin ƙarfafa ayarin, shi ne ya iso Bauchi a 1855, zamanin Sarki Ibrahim ɗan Yakubu.

Kammalawa

Wanda ya ƙi jin maganar masu dutse ya tsira da ƙyar, wanda ya nemi amincin masu ruwa ya ga abin da ya zo nema. Sai dai littattafan tarihi sun fi riƙe sunayen baƙin, suka bar masu jagora a duhu. Tafkin ma ya sauya: faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, fari na shekarun 1970 da 1980 ya janye mafi yawansa. Nauyi ne a kan ɗaliban tarihi su nemi labarin daga bakin jikokin masu wurin tun ana iya samunsa.