Enohia: Ƙauyen Musulmin Ibo da ke Gefen Afikpo

Sau da yawa a zangonninmu na Fatakwal, Anacha da Inugu ina jin ana cewa wai Ibo ba ya musulunta sai in da abin da yake nema. Duk mai wannan magana ina so ya san labarin Enohia, wani ɗan ƙauye a ƙasar Afikpo cikin Jihar Ebonyi, inda ake da Musulmin Ibo kaka da jika.

Inda yake

Enohia Itim, wanda wasu ke rubutawa Anohia, yana cikin ƙauyukan da suka haɗu suka zama Afikpo, garin da 'yan ƙasa ke kira Ehugbo. Yankin tuddai ne kusa da kogin Kuros Riba, mutanensa manoman doya da rogo ne da masunta. A 1996 aka ƙirƙiro Jihar Ebonyi, Afikpo ta faɗa cikinta. Mai tasowa daga Fatakwal zai bi titin Aba da Umuahia zuwa Okigwe, ya karya ya nufi Afikpo. Na Inugu kuwa zai iya bi ta Abakaliki.

Yadda Musulunci ya shiga

Ba fatake suka kai shi ba, ɗan ƙauyen ne da kansa, Okpani Nwagui, wanda aka fi sani da Shehu Ibrahim Nwagui. Ya bar gida yana Kirista, ya daɗe yana yawo a ƙasashen Afirka, har ya kai Kaulaha a Senegal, ya zama almajirin Shehu Ibrahim Inyass, jagoran Tijjaniyya wanda mutanen Kano suka sani sarai tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Da ya dawo ya kama wa'azi cikin danginsa da harshensu. A 1958 jama'a da dama suka karɓi kalmar shahada, aka rusa wasu wuraren tsafi. Abin bai tafi salin-alin ba: ya jawo rigima da maƙwabta masu riƙo da al'ada, har ƙauyen ya rabu, wasu suka bi shi, wasu suka ƙi. Wani Ba'amurke masanin al'adu, Simon Ottenberg, ya wallafa bincike a kan wannan a 1971.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yi wa Musulmin Ibo tsanani, don a lokacin ana kallon Musulunci a matsayin addinin Bahaushe. Duk da haka na Enohia ba su watsar ba, bayan yaƙi suka sake ɗinkewa.

Abin gani

Babban abin da ke jan baƙi shi ne cibiyar Musulunci da makarantarta ta kwana, inda ake haɗa Larabci da karatun addini da boko. Ɗalibai na zuwa daga jihohi daban-daban, kuma ta yaye limamai da malamai da ke wa'azi da harshen Ibo. In ka fita ƙauyen, akwai bakin kogi mai yashi a Ndibe, sai Unwana, mahaifar Dakta Akanu Ibiam, gwamnan tsohuwar Jihar Gabas daga 1960 zuwa 1966, inda kwalejin fasaha ta tarayya mai sunansa take. Afikpo ta kuma shahara da dodanni masu fuskar katako da bikin sabuwar doya a ƙarshen Agusta.

Shawarata

Wanda zai je ya fara sauka masallaci ya gabatar da kansa ga liman. Kada ka ɗauki hoton dodo ko ka kutsa dandalin al'ada ba izini, baƙo ko da ido makaho ne. Kuma don Allah a bar kiran su tubabbu. Yawancinsu cikin Musulunci aka haife su, kamar ni da kai. Mu da muke cin abinci a ƙasar Ibo, muna neman makarantar da za mu kai yara da maƙwabcin da zai tsaya mana ran tashin hankali, bai kamata a ce ba mu san 'yan'uwanmu na Enohia ba.