Zinariyar Bétaré-Oya da ramukan da ba a cike ba

Tun kafin Jamusawa su gina gidan bulon da ya ba unguwarmu suna, kakanninmu fatake sun san zinariya, suna auna ta da miskali a hanyar Gwanja. Sai dai sanin mai saye ne. Mu ma a Briqueterie, da muke sa sarƙa da 'yan kunne a lefe, kaɗan ne cikinmu suka taɓa leƙa ramin da take fitowa.

A zamanin Faransa, cikin shekarun 1930, haƙar zinariya ta kankama a Gabashin Kamaru, wajajen Bétaré-Oya da Batouri. Da Turawa suka janye, aikin ya koma hannun mutanen karkara, da shebur da kwano, har gwamnati ta kafa hukumar CAPAM a 2003 don ta tsara su. Abin da ya sauya al'amarin shi ne madatsar ruwan Lom Pangar. Aka ce a kwashe zinariyar kwarin kogin Lom kafin ruwa ya binne ta, aka buɗe ƙofa ga kamfanonin Koriya, sannan na Sin, da katafilolinsu. Madatsa ta cika, katafila ba ta tafi ba.

A takarda kam, ba a bar komai ba. Dokar ma'adinai ta 2016 ta wajabta wa mai haƙa ya gyara wurin da ya ɓata kafin ya tashi. A 2019 Majalisar Zinariya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin haƙa bisa amana, amma manyan kamfanoni masu tsoron idon masu hannun jari a Landan da Toronto su suka ɗaura wa kansu wannan igiya. Masu tonon bakin Lom ba sa cikinsu. Shi ya sa a ƙarshen 2017 rami guda da aka bari a Ngoe-Ngoe ya rufta da mutum 9, Allah Ya ji ƙansu. Ga kuma zaiba da ake kama zinariyar da ita tana bin ruwa zuwa cikin kifi. Ba ma ɗaukar wannan da wasa, domin a 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara kusan 400 a Zamfara.

A 2020 aka kafa kamfanin gwamnati, Sonamines, aka kuma sake dokar a 2023. Ramukan dā suna nan: damina ta cika su, shanun Fulani da yaran ƙauye suna faɗawa.