Shaida Tana Sabo, Shari'a Tana Kumasi

Shekarun baya wata takarda ta iso unguwar nan daga babbar kotun jiha, ana neman wani dattijonmu ya je ya faɗi abin da ya sani game da wani gida a Kumasi. Ranar har rumfunan 'yan goro sai da zance ya kai. Wasu na cewa kada ya kuskura ya je, tarko ne, daga nan sai a ɗaure shi a kai shi Gana. Mu da muka ɗan zauna gaban malamai muka ce a yi haƙuri a saurara, don wannan al'amari ya girmi kakanninmu.

A fiƙihu sunansa wasiƙar alƙali zuwa ga alƙali. Mai ƙara yana gari guda, shaidunsa suna wani gari mai nisa, kuma ba a tilasta wa shaida doguwar tafiya. To sai alƙalin garin shaidu ya zaunar da su, ya ji ta bakinsu, ya bincika adalcinsu wurin waɗanda suka san su, ya rubuta, ya buga hatimi, ya aika wa ɗan'uwansa. Imamu Buhari ya ware wa wannan babi a Kitabul Ahkam. A can ne ya ambata cewa da fari hatimi kaɗai ya isa, sai daga baya Ibnu Abi Laila da Sawwar ɗan Abdullahi suka fara neman a kawo shaidu a kan ita kanta wasiƙar. Kun ga ashe jabun takarda ba yau aka fara tsoronsa ba. Malaman Malikiyya na Andalus da Magrib kuwa, ganin wahalar tura mutum biyu su raka kowace takarda, suka yi sassauci, suka karɓi rubutun hannun alƙali idan an gane shi. Mai karanta Tuhfa ta Ibnu Asim zai tarar da zancen.

Fatake su suka fi kowa bukatar irin wannan. Ayari zai tashi daga Kano zuwa Salaga, tafiyar watanni, wani ya rasu a hanya, wani ya bar bashi a zango, magada suna gida ba su san komai ba. Abin da ke haɗa su da haƙƙinsu shi ne takardar malami da bakin mutanen da suka gani da idonsu. Ba banza ba Alhaji Umaru na Salaga, wanda ya rasu a Karaki a 1934, ya rubuta littafi sukutum a kan yadda ake tsara wasiƙa. Da aka kafa Sabon Ibadan a 1916, masu gida na harkar goro da shanu a kan wannan turba suka ci gaba: bashi na baka, amma a gaban mutane.

Turawa ma da nasu. Ingila ta yi doka a 1856 wadda ta ba alƙalanta ikon ɗaukar shaida domin kotun wata ƙasa, kuma kotunanmu na yau sun gaji wannan hanya. Kotun can takan rubuto roƙo, ba umarni ba, don ba ta da iko a kan kowa a nan. Roƙon ya bi ta ofisoshin gwamnati har ya iso kotun nan, ita ce za ta kira shaida, a rantsar da shi, a yi masa tambayoyi, a rubuta, ya sa hannu, a rufe a mayar. Aibinta ɗaya wanda ba mu ɓoyewa: jinkiri. Takarda sai ta yi watanni tana kwana a tebur, shaidu kuwa tsofaffi ne.

Abin da ya sa ya shafe mu ƙwarai shi ne korar 1969. A watan Nuwamba na shekarar gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar Gana. Mutane suka fito a gigice. Wani ya sayar da gidansa da araha, wani ya damƙa wa maƙwabci amana da baki kawai. Shekaru suka shuɗe, mai amana ya rasu, 'ya'yansa suka tashi suna ganin gidan ubansu ne, kuma ba lallai ƙarya suke yi da gangan ba, abin da suka tarar ke nan. Gida na can, waɗanda suka halarci damƙa amanar suna nan cikinmu.

Dattijon namu yana cikinsu. Mutum uku ne a zauren ranar da aka ba da makulli, biyu sun riga mu gidan gaskiya. Muka same shi bayan la'asar, muka tuna masa gargaɗin ƙarshen Suratul Baƙara a kan ɓoye shaida. Ya ce shi ba ɓoyewa yake ba, kotu ce bai taɓa shiga ba tun da aka haife shi. Muka ce to mu ma za mu je.

Da safe muka ɗauki tasi mu huɗu. Aka kawo tafinta, ya yi rantsuwa, lauya ya yi ta juya masa tambaya ko zai rikice a kan shekara. Shi kuwa bai san 1969 ba. Ya ce shekarar kora ce, cikin azumi, kuma makullin a ɗaure yake da jan zare. Magatakarda ya rubuta haka nan, ya karanta masa, ya dangwala yatsa, muka komo kafin azahar.