Rakoda a Hannun Yaro: Yadda Ɗalibai Suka Shiga Aikin Tarihin Unguwa a Rediyon Amurka

Aikin da a yau ake yi wa kallon mai sauƙi, wato gidan rediyo ya haɗa kai da makaranta a miƙa wa ɗalibai rakoda su shiga unguwa su tambayi dattawa yadda wurin yake a da, ya shafe fiye da shekara hamsin yana kafuwa a Amurka, kuma jijiyoyinsa biyu sun daɗe ba su haɗu ba. Ta farko ita ce tarihin baka, wato tattara labarin abin da ya wuce daga bakin waɗanda suka gani da idonsu, wanda Allan Nevins ya buɗe wa ofishi a Jami'ar Columbia a 1948, ko da yake hankalinsa ya fi karkata ga manyan 'yan siyasa da attajirai. Ta biyu ita ce rediyon al'umma, tashar da masu sauraro ke ɗaukar nauyinta maimakon masu talla, wadda tashar KPFA ta garin Berkeley ta share wa fage a 1949. A duka biyun babu wanda ya ɗauki yaro a matsayin mai tambaya.

Sauyin ya fito ne daga ƙauye, kuma a kan takarda ya fara kafin ya isa rediyo. A 1966 wani sabon malamin Turanci mai suna Eliot Wigginton, a makarantar Rabun Gap da ke cikin duwatsun Appalachia a jihar Jojiya, da ya ga darasinsa ya gundure ɗalibai, sai suka yi shawara su kafa mujalla, yaran su riƙa bin tsofaffin yankin da rakoda da kyamara. Suka raɗa mata suna Foxfire, sunan wani haske da wani irin naman gwari ke fitarwa a jikin ruɓaɓɓen itace da dare, fitowar farko kuma ta bayyana a 1967. Abin da yaran suka kwaso ya haɗa da yadda ake gina ɗaki da gumagumai, da dafa sabulu, da magungunan gargajiya, da tatsuniyoyin mafarauta, kuma da aka tattara shi a littafi a 1972 ya yi kasuwar da ba wanda ya zata. A daidai lokacin ne kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya fara araha har makarantar karkara za ta iya saye. Darasin da masu wannan sana'a suka riƙe daga Foxfire shi ne cewa tsohuwa tana faɗa wa jikarta abin da ba za ta taɓa faɗa wa baƙo daga jami'a ba, domin da baƙo amsa tambaya take yi, da jika kuwa gado take miƙawa. Akwai kuma darasi mai ɗaci da bai kamata a ɓoye ba: a 1992 Wigginton ya amsa laifin lalata da yaro a gaban kotu, aikin ya ci gaba ba tare da shi ba, kuma duk mai shirya irin wannan aiki a yau ya san cewa takardar amincewar iyaye, da ƙa'idar hana babba kaɗaita da yaro, suna gaba da kowace rakoda.

Takarda dai tana da iyaka, domin idan aka mayar da magana rubutu, karin harshe da shiru da dariya duk sukan zube a hanya. Mutanen Appalachia, waɗanda aka daɗe ana yi wa karin harshensu ba'a a fina-finai, sun fi kowa sanin girman wannan asara. A garin Whitesburg na jihar Kentaki, tsakiyar yankin haƙar kwal, an kafa cibiyar Appalshop a 1969 don koya wa matasa ɗaukar fim, ta buɗe tashar WMMT a 1985, sannan a 1988 ta kafa sashen horar da matasan yankin su ɗauki labarin garuruwansu da kansu. A irin wannan wuri ne jijiyoyin biyu suka sami gurbin haɗuwa, inda ɗan mahaƙin kwal zai ɗauki muryar mutanen garinsu, maƙwabta kuma su ji ta yadda aka furta ta, ba tare da an gyara wa kowa harshe ba.

Shirin da ya girgiza sana'ar baki ɗaya kuwa daga birni ya fito, kuma a tashar da gwamnati da masu sauraro ke tallafawa, irin wadda Amurkawa ke kira rediyon jama'a, wadda ta fi ta al'umma girma da ƙwararrun ma'aikata. A watan Maris na 1993 furodusa David Isay ya ba wa yara biyu abokan juna, LeAlan Jones mai shekara 13 da Lloyd Newman mai shekara 14, rakoda su ɗauki rayuwarsu ta kwana goma a kudancin Shikago, a kewayen rukunin gidajen talakawa na Ida B. Wells, wanda aka buɗe a 1941 domin baƙaƙen fata. Suka yi hira da 'yan gidansu da mutanen titi, aka tace abin ya koma shirin kimanin rabin sa'a mai suna Ghetto Life 101, tashar WBEZ ta watsa shi. Bayan da aka jefo wani yaro ɗan shekara 5 daga hawa na 14 na wani bene a rukunin a watan Oktoba na 1994, yaran biyu suka koma da rakoda suna bin maƙwabta gida-gida, abin da ya haifar da shirin Remorse na 1996, wanda ya sami lambar yabo ta Peabody. 'Yan jarida da yawa sun je wurin sun dawo da rahoto, amma ƙofofin da aka buɗe wa 'yan unguwa ba a buɗe musu ba.

Nasarar ta taso da muhawarar da har yanzu ba ta mutu ba a tsakanin masu aikin, wato wane ne mai shirin a haƙiƙa, wanda ya riƙe makirfo ko wanda ya riƙe reza. A wancan zamanin tacewa na nufin a yanka faifan da reza a liƙa shi da salatif, aiki ne na ƙwararre, saboda haka babba ne ke zaɓar abin da zai fita daga cikin sa'o'i masu yawa da yaro ya ɗauko. Mai tacewa yana iya barin ƙarar bindiga ya cire addu'ar kaka, ko ya yi akasin haka, kuma kowane zaɓi yana ba da unguwa daban, alhali mutanen unguwar ne za su ci gaba da zama da sunan da shirin ya bar musu. Shirin Radio Rookies, wanda Marianne McCune ta fara a tashar WNYC ta New York a 1999, ya ɗauki wata hanya ta magance wannan: ana kafa zangon horo a cikin unguwannin birnin, matashi ya shafe watanni kan labari ɗaya, ya rubuta abin da zai faɗa, ya zauna a gaban kwamfuta tare da furodusa ana yanka ana ja-in-ja. Hanyar tana cin lokaci da kuɗi, kuma ita ce mafi gaskiya, domin sai yaro ya zaɓi abin da zai zubar ne yake gane cewa tarihi ba kwasar magana ba ne kawai.

Daga nan abin ya bazu. Hukumar sadarwa ta ƙasar ta ƙirƙiro lasisin ƙananan tashoshin FM masu ƙarfin da bai wuce wat 100 ba a 2000, wata doka da aka sa wa hannu a Janairun 2011 ta ƙara buɗe musu hanya, har makarantu da ƙungiyoyin unguwa suka mallaki tashoshi. Isay ya kafa StoryCorps a 2003, inda mutum biyu ke hirar minti 40 a ajiye kwafi a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, a 2015 kuma aka nemi ɗaliban sakandare su ɗauki hira da wani dattijo da wayar hannu a hutun bikin Ranar Godiya na Amurka, aka tara hirarraki fiye da 50,000. Yawan hirarrakin abin yabo ne, sai dai hirar da ba a gwada ta da taswira ko tsohuwar jarida ko bakin wani dattijo na biyu ba, ɗanyen kaya ce tukuna.

Ɓangaren da aka fi sakaci da shi shi ne adanawa, domin masu ba da tallafi sun fi son biyan kuɗin sabon shiri a kan na ɗakin ajiya. An rushe gidajen Ida B. Wells tsakanin 2002 da 2011, mazaunansu suka watse, saboda haka abin da yara biyu suka ɗauka a matsayin rayuwar yau da kullum ya zama shaidar wurin da babu shi. A Whitesburg kuwa, a ranar 28 ga Yuli 2022, ambaliyar da ta kashe mutum fiye da 40 a gabashin Kentaki ta shiga ginin Appalshop, ta mamaye ɗakin watsa shirye-shiryen WMMT da ma'adanar da ke ɗauke da fina-finai da faya-fayen sauti na rabin ƙarni. Ma'aikata da 'yan sa-kai suka yi kwanaki suna zaƙulo su daga cikin laka, ana sanya su a sanyi don kada su yi fumfuna kafin a kai su wurin masu gyara, kuma da yawa daga cikin masu magana a cikinsu sun riga sun rasu.