Macen da ta tono dodanni a gaɓar tekun Ingila

A shekarar 2013 wata marubuciya Ba'amurkiya, Marie Brennan, ta fitar da ƙagaggen labari mai suna A Natural History of Dragons, wanda aka juya zuwa Faransanci a 2016 da sunan Une histoire naturelle des dragons. Shi ne na farko cikin littattafai biyar, na ƙarshensu ya fito a 2017. Wata dattijuwa ce, Isabella, wadda ake kira Lady Trent, take ba da tarihin rayuwarta da yadda ta ƙarar da ita wajen nazarin diragon, wato dodon tatsuniyar Turawa mai jikin ƙadangare da fukafukan jemage. A duniyar littafin wannan halitta dabba ce kamar zaki ko kada, ana farautarta, ana auna ta, ana zana ta. Ƙasar Isabella, Scirland, babu ita a taswira, amma duk wanda ya san Ingila ta ƙarni na 19 zai gane ta nan take.

Dodannin ƙage ne. Shingayen da aka gindaya wa yarinyar kuwa daga tarihi aka ɗauko su. Tana ƙarama a ɓoye take karanta littattafan mahaifinta, domin ilimin dabbobi bai kamaci ɗiyar babban gida ba. Da ta isa aure, abin da ta fi dubawa ga manema shi ne wanda zai bar ta ta shiga ɗakin karatunsa. Tafiyarta ta farko zuwa duwatsun Vystrana ma ba da sunan mai bincike ta yi ta ba, ta bi mijinta Jacob ne a matsayin mai zane da tsara takardu. A cikin ayarin akwai wani saurayi, Thomas Wilker, mai kaifin basira, wanda manyan masana ke yi wa kallon raini saboda ɗan talaka ne. Ita mace ce mai gata, shi namiji ne marar gata. Marubuciyar ta raba nauyin gida biyu, ta ɗora wa kowannensu rabi. A tarihi na gaskiya an yi mace guda da ta ɗauki duka biyun, kuma abin da ta yi ta tonowa mutanen zamaninta da kansu suka kira shi dodanni.

Sunanta Mary Anning. An haife ta a 1799 a Lyme Regis, wani ƙaramin gari a gaɓar teku a kudancin Ingila. Mahaifinta kafinta ne, yana ƙara samun na cefane da sayar wa baƙi ƙananan halittun da suka zama dutse, waɗanda yake tsintowa a gindin gaɓa. Cikin ƴaƴa 10 da aka haifa a gidan, biyu kaɗai suka girma, ita da wanta Joseph. Uban ya rasu a 1810 ya bar su da bashi. A 1811 Joseph ya ci karo da wani ƙoƙon kai mai tsawon fiye da mita guda, shekara ta kewayo Mary ta gano sauran jikin, ba ta wuce shekara 13 ba. Mutanen gari suka ce kada ne. Ashe iktiyozor ne, wata dabbar teku mai siffar kifi wadda ta rayu kimanin shekara miliyan 200 da suka wuce. An sayar da shi fam 23. Masanin da ya yi ta rubutu a kansa daga 1814, Everard Home, bai ambaci waɗanda suka tono shi ba.

Aikin na kasada ne. Gaɓar Lyme Regis laka ce mai zaftarewa, kuma da hunturu, bayan guguwa ta kwashe ƙasa, ƙasusuwa ke bayyana. Dole a ciro su kafin igiyar ruwa ta dawo ta tafi da su. A 1833 ƙasa ta zaftare ta kashe karenta a gabanta, ita ma da ƙyar ta tsira. Karatun da ta samu bai wuce na makarantar coci ta ranar Lahadi ba, sauran ita ta koya wa kanta: tana kwafe maƙalolin masana da hannu har da zanensu, tana feɗe kifaye don ta fahimci ƙirar ƙashi.

A ƙarshen 1823 ta tono cikakken kwarangwal na farko na pilesiyozor, dabba mai ƙaramin kai da wuya dogo kamar maciji. Da zanen ya isa Paris, Georges Cuvier, wanda ba a ja da maganarsa a fannin ƙirar dabbobi, ya yi zargin haɗe-haɗe ne aka yi, domin bai taɓa ganin wuya mai gaɓoɓi masu yawa haka ba. Ga mai sayar da kaya, irin wannan zargi daga irin wannan baki ya isa ya kashe kasuwa har abada. An yi zama a kan batun a Ƙungiyar Masana Ilimin Duwatsu ta Landan a farkon 1824, aka tabbatar abin na gaske ne, Cuvier ya janye zarginsa. William Conybeare ne ya gabatar da bayanin, ya sha yabo, bai faɗi sunanta ba. Ita kuwa ba ta ma da ikon shiga zauren. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A 1828 ta samo dabba mai fukafukai ta dangin piterozor, ta farko da aka gani a wajen ƙasar Jamus. A 1840 wani mai tara irin waɗannan ƙasusuwa, Thomas Hawkins, ya buga littafi a kan iktiyozor da pilesiyozor, ya kira su manyan dodannin teku tun daga sunan littafin. Ba Turawa kaɗai ke ganin dodo a cikin tsohon ƙashi ba: dinozor ɗin da Paul Sereno ya tono kusa da Ingal, wanda aka raɗa wa suna Jobaria a 1999, daga Jobar ya samo sunansa, wata halitta ta tatsuniyar Buzaye.

Ba za a ce duk masanan sun yi mata butulci ba. A 1820 Thomas Birch ya yi gwanjon kayan da ya tara don amfanin iyalin, aka samu kimanin fam 400. A 1830 Henry De la Beche ya zana hoton tekun zamanin da bisa abubuwan da ta tono, aka sayar da kwafe-kwafensa don amfaninta. William Buckland ya ambace ta a bayaninsa kan dabbar mai fukafukai, Louis Agassiz kuma ya sa wa kifaye biyu sunanta. Sai dai duk wannan alheri ne na ɗaiɗaikun mutane, wanda ake yi in an ga dama. Haƙƙin zama a zaure a yi muhawara da ita kamar kowane masani, ba wanda ya ba ta. Abin da aka buga da sunanta a mujallar kimiyya tana raye bai wuce yankin wata wasiƙa ba, a 1839.

A nan ne labarin Brennan ya fi tarihi sassauci. Isabella tana da dukiyar dangi da ke biyan kuɗin jirgi, ta tsufa ta ga sunanta ya cika duniya, ta kuma rubuta tarihinta da alƙalaminta. Mary Anning ba ta bar littafi ba. Ciwon dajin nono ya kashe ta a 1847, tana da shekara 47. De la Beche, wanda a lokacin shi ne shugaban ƙungiyar ta Landan, ya yi mata ta'aziyya a jawabinsa na shekara, abin da ba a saba yi wa wanda ba ɗan ƙungiya ba. Ƙungiyar da aka kafa a 1807 ba ta karɓi mata a matsayin cikakkun mambobi ba sai a 1919. Royal Society, babbar majalisar kimiyya ta Ingila, ta jinkirta har 1945. A 2015 aka raɗa wa wani nau'in iktiyozor sunanta, a watan Mayu na 2022 kuma aka kafa mutum-mutuminta a Lyme Regis, riƙe da guduma, karenta na gefenta, tana fuskantar gaɓar da ta yi aiki.