Tarihin Rubuta Cinikin Gona a Ƙonni, Malbaza da Illela

A ƙasar Ƙonni da Adar, gona ta daɗe tana sauya hannu ta hanyar gado, aro, kyauta da jingina. Sayarwa ba ta yawaita ba, domin ana ɗaukar gandu dukiyar zuri'a. In ta kama a sayar, sai a je gaban maigari da liman da maƙwabtan iyaka, a faɗi kuɗin, a ƙirga, a yi fatiha. Kuɗin da aka biya a ƙwaƙwalwar dattawa yake zama, kuma idan suka rasu sai magada su shiga jayayya: wani ya ce jingina ce, wani ya ce saye ne.

Turawan Faransa sun kawo kundin rajistar filaye ta dokokin 1906 da 1932, amma tsadarsa da nisan ofis sun sa ya tsaya a birane. A 1974 shugaban ƙasa Seyni Kountché ya shelanta cewa gona ta mai noma ta ce, abin da ya sa masu gonaki suka fara ɗari-ɗari da bayar da aro.

Daga nan darajar ƙasa ta yi ta hawa. Masana'antar siminti ta jawo jama'a Malbaza, albasar Galmi ta ɗaga darajar fadamun Maggiya, madatsun Mozage da Zango suka shayar da filin noman rani na Ƙonni, kasuwancin iyaka da Najeriya kuma ya mai da gonakin bakin gari filayen gini.

Babban sauyi ya zo da dokar karkara ta 2 ga Maris 1993, wadda ta ba mallakar gargajiya kariya irin ta mai takarda, ta kuma kafa kwamitocin filaye da ake kira Kofo, waɗanda a yau ake da su a matakin gunduma, ƙaramar hukuma da ƙauye. A takardar saye ana rubuta sunan mai sayarwa da mai saye, shaidu, maƙwabtan gabas da yamma, kudu da arewa, da kuɗin da aka biya, sannan maigari ya sa hannu. Gyaran filin noman Ƙonni da Amurka ta tallafa bayan wata yarjejeniya ta 2016 ya haɗa da tantance masu haƙƙi a kan gonakin.

Duk da haka, farashi ne ɓangaren da ya fi rauni. Wasu na ciniki ba takarda, wasu na rage adadin don gudun haraji. A bakin iyaka ana iya yin ciniki da naira a rubuta da sefa, kuma jikar da aka biya kafin karya darajar sefa a 1994 ba daidai take da ta bayanta ba. Gyara wannan rauni yana buƙatar a rubuta ainihin kuɗin, da nau'insa, da ranar ciniki, da faɗin gonar, a kuma tattara kwafin takardun ƙauyuka a gunduma. Da irin wannan kundi ne alƙali zai raba gado da adalci, hukuma ta biya diyya daidai, manomi kuma ya san ƙimar gonarsa kafin dillali ya yi masa tayi.