Nama ko Tuwo? Tarihin Wata Gardama a Kan Abincin Mai Motsa Jiki

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a wuraren ɗaga ƙarfe: wai idan ka ci abinci mai gina jiki bayan atisaye ba ka haɗa shi da sukari ko sitaci ba, to asara ka yi, domin jiki ba zai tsotse furotin ɗin ba. Matasa na kashe kuɗi masu yawa kan garin gwangwani saboda wannan magana. Na bi sawunta don in ga inda ta samo asali, sai na tarar gardamar ta haura shekara ɗari da hamsin.

A 1842 wani shahararren masanin sinadarai na Jamus, Justus von Liebig, ya wallafa littafi inda ya ce furotin ne makamashin tsoka. A ganinsa, duk lokacin da mutum ya yi aikin ƙarfi naman jikinsa ne ke ƙonewa, sitaci da mai kuwa ɗumama jiki kawai suke yi. Da yake babban malami ne, aka karɓa ba musu.

Sai a watan Agustan 1865 wasu malamai biyu daga Zurik, Adolf Fick da Johannes Wislicenus, suka gwada maganar a jikinsu. Tun jajibiri suka daina cin duk abin da ke da furotin, suka tsaya kan sitaci da sukari da mai. Washegari suka hau dutsen Faulhorn na ƙasar Suwizalan, suna tara fitsarinsu a hanya. Dabarar ita ce, furotin ɗin da jiki ya ƙona yakan bar alamar naitirojin a fitsari, don haka ana iya lissafa yawansa. Da suka yi lissafi, sai suka ga abin da suka ƙona bai kai ya ɗaga su zuwa ƙololuwar dutsen ba. Ke nan wani abu dabam ne ya yi aikin. Abin dariya, a wannan shekarar ce aka kafa kamfanin romon nama mai ɗauke da sunan Liebig, romon da furotin ɗin cikinsa bai taka kara ya karya ba.

Daga nan sitaci ya fara samun daraja. A gasar gudun yada-ƙanin-wani ta Boston a 1924, likitoci sun auna jinin wasu 'yan tsere, suka ga waɗanda suka galabaita sukarin jininsu ya yi ƙasa sosai. A shekara mai zuwa aka ba su alewa a kan hanya, suka ƙarasa cikin hayyacinsu.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne na Jonas Bergström da Eric Hultman a Suwidin, wanda suka wallafa a 1966. Keke guda suka sa a tsakiya, kowa ya zauna a gefe yana tuƙawa da ƙafa ɗaya har ta gaji liƙis, ɗaya ƙafar tana hutawa. Sannan suka yi kwana uku suna cin abinci mai yawan sitaci, suna tsakuro ɗan nama daga cinyoyinsu da allura suna aunawa. Ƙafar da ta sha wahala ta tara gilaikojin, wato sukarin da tsoka ke ajiyewa, fiye da wadda ta huta nesa ba kusa ba. Wannan ne tushen al'adar 'yan tsere ta cika ciki da taliya kafin gasa.

To ina batun tsotse furotin ya shigo? Ta ƙofar insulin. An san cewa sukari na sa jiki ya saki insulin, shi kuma insulin yana rage rushewar tsoka. Sai aka yi hasashen cewa idan aka haɗa sukari da furotin bayan atisaye, tsoka za ta fi ginuwa. Littafin John Ivy da Robert Portman na 2004 kan lokacin cin abinci ya yaɗa wannan tunani, masu sayar da gari kuma suka samu abin talla.

Hasashen bai jure gwaji ba. A 2007 masu bincike a Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan suka ba mutane isasshen furotin bayan ɗaga ƙarfe, wani lokaci shi kaɗai, wani lokaci tare da sitaci, ba su ga ƙarin ginuwar tsoka ba. A 2011 aka sake gwadawa a Jami'ar McMaster ta Kanada da giram 25 na furotin ɗin madara, da kuma giram 50 na sitaci a kai. Insulin ya tashi sosai, amma sakamako bai canza ba. A 2014 mutanen Maastricht suka nuna cewa sitaci ma jinkirta narkewar furotin yake yi kaɗan, ko da yake daga ƙarshe abin da tsoka ke samu ɗaya ne. Dalili kuwa a fili yake: hanji na da nasa hanyoyin shigar da amino asid cikin jini, ba ya jiran sukari, kuma ɗan insulin ɗin da furotin ke tayarwa da kansa ya wadatar.

Amma kada mai karatu ya ɗauka tuwo ba shi da rana. A 1980 Peter Lemon da abokin aikinsa sun nuna cewa wanda ya motsa jiki bayan rumbun gilaikojinsa ya ƙare yakan ƙona furotin fiye da wanda rumbunsa ke cike. A nan ne nake ganin ainihin aikin sitaci: shi ne icen girki, idan akwai shi ba za a kai ga ƙona azarar ɗaki ba. Ɗan kokawar da zai shiga fili da safe ya sake shiga da yamma yana bukatarsa da gaggawa, don ya maido da abin da ya ƙone. Wanda ke atisaye sau uku a mako kuwa, abincin gida ya ishe shi cika rumbun kafin zagayowar ranar. Kwaryar fura da nono ta haɗa duka biyun, gero na maido da ƙarfi, nono na kawo furotin.